Shari'ar Korematsu da Takardun da Aka Ɓoye wa Kotu

Ranar 30 ga Mayu 1942 'yan sanda suka tare wani saurayi a bakin titi a garin San Leandro na jihar Kalifoniya. Shekararsa 23, sana'arsa walda, sunansa Fred Korematsu. Bai yi sata ba, bai taɓa lafiyar kowa ba. An kama shi ne don an gan shi a yankin da aka haife shi, bayan sojoji sun ce duk mai jinin Japan ya tattara nasa ya nasa ya fice. Daga wannan kamu aka samu ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen da ɗaliban shari'a ba sa tsallakewa idan ana maganar iyakar ikon shugaban ƙasa a lokacin yaƙi ko dokar ta-ɓaci. An fi sanin hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1944. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne abin da wani malamin jami'a ya tono bayan kusan shekara arba'in, da tambayar da tonon nasa ya bari: idan alƙali ya ce zai karɓi maganar gwamnati saboda ana cikin halin tsaro, wa ke tabbatar masa cewa maganar gaskiya ce?

Japan ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor da ke tsibiran Hawayi ranar 7 ga Disamba 1941. Ranar 19 ga Fabrairu 1942 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan umarni mai lamba 9066. Wanda ya karanta umarnin daga farko har ƙarshe ba zai ga an ambaci Japanawa ba. Abin da ya yi shi ne ya ba sakataren yaƙi da kwamandojin da ya zaɓa ikon ware wasu wurare a matsayin yankunan soja, su fitar da duk wanda suka ga dama. Ranar 21 ga Maris majalisar dokoki ta ɗora da dokar da ta mai da saɓa wa irin wannan umarni laifi, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar dala 5,000, ko duka biyun. Takarda ba ta kama sunan kowa ba, amma kowa ya san da wa ake.

Kwamandan yankin yammacin ƙasar, Janar John DeWitt, shi ya aiwatar. An kwashe mutum kusan 120,000, kuma kashi biyu cikin uku nasu haifaffun Amurka ne, 'yan ƙasa kamar kowa. Sauran iyayensu ne waɗanda doka ta hana su zama 'yan ƙasa komai daɗewarsu a can. An fara tara su a filayen sukuwa da filayen baje koli, daga nan aka rarraba su sansanoni goma a cikin hamada da fadamu, daga Manzanar a Kalifoniya har Rohwer a Arkansas. Jamusawa da Italiyawa ma ƙasashensu na yaƙi da Amurka, an kuma tsare wasu daga cikinsu, amma ɗaya-ɗaya aka bi su. Japanawa kaɗai aka yi wa kuɗin goro. A cikin takardar da DeWitt ya rubuta yana neman a kwashe su, ya kawo wata hujja da ya kamata a ce ta kashe maganar tun a nan. Ya ce kasancewar har yanzu ba a ga wani zagon ƙasa ba alama ce mai tayar da hankali da ke tabbatar da cewa za a yi. Wato rashin laifin ne ya zama shaidar laifi.

Korematsu bai fito da niyyar gwagwarmaya ba. Yana da budurwa 'yar asalin Italiya, ba ya son rabuwa da ita. Ya canza suna, har ya je aka yi masa ɗan aiki a fatar ido don kada a gane shi. Bayan an kama shi ne Ernest Besig, jami'in ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta Amurka a arewacin Kalifoniya, ya same shi a tsare ya tambaye shi ko zai yarda a gwada dokar da shari'arsa. Ya yarda. A Satumba 1942 kotun tarayya a San Faransisko ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin talala na shekara biyar. Talalar ba ta amfane shi da komai ba, don sojoji ne suka karɓe shi. Ya zauna a filin sukuwa na Tanforan, inda aka zuba iyalai a bargar dawaki, daga bisani aka wuce da su sansanin Topaz a jihar Utah.

Kafin shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli, an riga an share mata hanya. A Yuni 1943 alƙalan kotun gaba ɗaya sun amince da dokar hana fitar dare da aka ɗora wa duk mai jinin Japan, a shari'ar Gordon Hirabayashi da ta Minoru Yasui. Ranar 18 ga Disamba 1944 aka yanke ta Korematsu, alƙalai shida suka goyi bayan gwamnati, uku suka ƙi.

Mai shari'a Hugo Black ne ya rubuta hukuncin masu rinjaye, kuma ya fara da magana mai daɗin ji. Ya ce duk dokar da ta tauye haƙƙin wata ƙabila guda abar zargi ce tun daga farko, dole kotu ta bincike ta da matuƙar tsanani. Da ya gama faɗin haka sai bai bincika ba. Ya ce sojoji sun ga akwai marasa biyayya a cikin wannan al'umma, sun kuma ce babu lokacin da za a tantance su ɗaya bayan ɗaya, kotu kuwa ba za ta ce sun yi kuskure ba. Ya kuma raba maganar gida biyu, ya ce abin da ke gaban kotu shi ne umarnin fitar da mutane daga yankin, ba tsare su a sansani ba. Mai shari'a Owen Roberts bai yarda da wannan rabo ba. Ya nuna cewa akwai umarni biyu a kan Korematsu a lokaci guda, ɗaya ya hana shi barin yankin, ɗaya ya hana shi zama a cikinsa. Ƙofa ɗaya tak aka bar masa, ita ce ya kai kansa wurin tsarewa.

Mai shari'a Frank Murphy ya kira abin da sunansa, ya ce halatta wariyar launin fata ne. Ya kuma rusa hujjar rashin lokaci da lissafi. Kusan wata huɗu aka yi bayan harin kafin a ba da umarnin kora na farko, kusan wata goma sha ɗaya kafin a gama kwashe mutanen. Birtaniya kuwa, wadda yaƙin ya fi kusa da ita, ta kafa kwamitoci da suka tantance Jamusawa da 'yan Ostiriya kusan 74,000 cikin wata shida. Shi kuma Robert Jackson damuwarsa ta wuce ta wannan yaƙin. Ya ce umarnin soja yakan mutu idan dalilinsa ya wuce, amma idan kotu ta sa masa albarka ta ce ya dace da tsarin mulki, ƙa'idar za ta zauna kamar bindigar da aka ɗura aka ajiye, tana jiran hannun duk wani mai iko da zai zo da da'awar gaggawa mai kama da gaskiya.

A wannan ranar dai kotun ta yanke wani hukunci a shari'ar Mitsuye Endo, ta ce ba a da ikon ci gaba da tsare ɗan ƙasar da gwamnati da kanta ta yarda mai biyayya ne. Sai dai ihu ne bayan hari. Kwana ɗaya kafin nan sojoji sun riga sun sanar da janye umarnin korar, kuma ba a yi sanarwar ba sai da aka gama zaɓen shugaban ƙasa na Nuwamba.

Malaman shari'a ba su jira tarihi ba. A 1945 Eugene Rostow na Jami'ar Yale ya wallafa maƙala a mujallar shari'a ta jami'ar yana kiran waɗannan hukunce-hukunce bala'i. Hujjarsa ita ce kotu ta karɓi iƙirarin soja ba tare da ta nemi shaidar da ake nema ko a ƙaramar shari'a ba. Rostow bai ga wata takardar sirri ba. Da abin da ke fili ya yi aiki, kuma wannan zai dawo mana nan gaba.

A farkon shekarun 1980 Peter Irons, lauya kuma malamin jami'a wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, yana tattara bayanai don rubuta littafi a kan lauyoyin da suka yi waɗannan shari'o'i. Shi kansa ya san ɗanɗanon gidan yari, don an taɓa ɗaure shi saboda ƙin amsa kiran shiga soja. Ya yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ya nemi fayilolin ma'aikatar shari'a. Tarihi ya je nema, sai ya tarar da lauyoyin gwamnati suna zargin gwamnatinsu da ɓoye shaida, a rubuce, da sa hannunsu.

Abu na farko rahoton wani jami'in leƙen asiri na sojan ruwa ne, Kenneth Ringle, wanda ya rubuta a Janairu 1942, kafin a sa hannu a kan umarnin. Ringle ya san al'ummar, yana jin harshensu. Ya ce an zuzuta matsalar fiye da kima saboda kamannin mutanen, waɗanda za a iya jin tsoronsu ba su kai kashi uku cikin ɗari ba, yawancinsu ma an san su ko an riga an kama su, don haka a bi kowa da halinsa. Edward Ennis, lauyan da ke shugabantar sashen kula da baƙi 'yan ƙasashen abokan gaba a ma'aikatar shari'a, ya ci karo da wannan rahoto a 1943 ana shirin shari'ar Hirabayashi. Ya rubuta wa Charles Fahy, babban lauyan da ke wakiltar gwamnati a Kotun Ƙoli, cewa ƙin sanar da kotu zai yi kusa da danne shaida. Ba a sanar da kotun ba. Aka ci gaba da gaya mata cewa tantancewa ba za ta yiwu ba.

Abu na biyu ya shafi rahoton ƙarshe da DeWitt ya fitar don kare abin da ya yi. A ciki ya ce ana aika saƙonni ta rediyo da hasken fitila daga gaɓar teku zuwa jiragen yaƙin Japan. Ma'aikatar shari'a ta tambayi hukumar bincike ta FBI da hukumar kula da sadarwa. Dukansu suka ce sun bi diddigin waɗannan rahotanni ba su ga komai ba, hukumar sadarwa ma ta nuna cewa ma'aikatan rediyon soja kan ji tashoshin da ke nesa su ɗauka a kusa suke. Ennis da abokin aikinsa John Burling suka saka ɗan bayani a ƙasan shafi cikin takardar da za a miƙa wa kotu a shari'ar Korematsu, suna cewa abin da Janar ya faɗa game da rediyo da sigina ya saɓa wa bayanan da ke hannun ma'aikatar. A wata wasiƙar cikin gida Ennis ya kira su ƙarairayi kai tsaye, ya ce rashin adalci ne ga wannan ƙaramar al'umma a bar su ba a gyara ba. Takardar ta riga ta tafi wurin bugawa lokacin da ma'aikatar yaƙi ta ji labari. John McCloy, mataimakin sakataren yaƙi, ya sa baki, aka dakatar da bugun. Bayanin da ya isa gaban alƙalai an wanke shi tas. Abin da ya rage a ciki shi ne gwamnati na dogaro da rahoton Janar ne kawai a kan abubuwan da ta ambata a takardarta. Lauya mai kaifin ido zai iya shinshino wani abu a wannan jimla, amma ba ta ce wa kotu an yi mata ƙarya ba. Wanda ya taimaka aka sasanta a kan wannan lafazi shi ne Herbert Wechsler, malamin shari'a daga Jami'ar Kolombiya da ke riƙe da muƙami a ma'aikatar a lokacin. Ba duk malaman jami'a ne ke gefen masu tono ba.

Abu na uku ba Irons ne ya samo shi ba. Aiko Herzig-Yoshinaga, wadda aka tsare ta tana matashiya har ta haihu a sansani, ta shafe shekaru tana bin takardu a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. Ita ta gano cewa rahoton DeWitt iri biyu ne. A bugun farko na Afrilu 1943 Janar ya faɗi abin da ke ransa: matsalar ba ta ƙarancin lokaci ba ce, ko nawa aka ba da lokaci ba za a iya raba mai biyayya da mara biyayya a cikin waɗannan mutane ba. Wannan magana ce ta ƙabila tsagwaronta, kuma ta ci karo da abin da gwamnati ke gaya wa kotu. Ma'aikatar yaƙi ta sa aka sake rubuta wurin ya koma maganar lokaci, aka janye kwafi goma da aka buga, aka ƙone abin da aka samu. Ɗaya ya kuɓuce. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan sai da ya yi kusan shekara arba'in kafin a kai ƙarshensa, kuma da kwafin nan ya shiga wuta da sauran, da wuya a san an taɓa canza komai.

A nan aikin malami ya koma aikin lauya. Korematsu ya gama hukuncinsa tuntuni, ba sauran ɗaukaka ƙara. Irons ya tuno da wata tsohuwar hanya da aka gada daga dokar Ingila mai suna koram nobis, wadda ke ba mutum damar komawa kotun da ta fara yanke masa hukunci, ko da ya gama zaman hukuncin, idan ya nuna an tafka babban kuskure ko an yi maguɗin da ya taɓa tushen shari'ar. Ya je ya nuna wa Korematsu takardun, ya kuma haɗu da wasu matasan lauyoyi ƙarƙashin Dale Minami, yawancinsu 'ya'yan waɗanda aka tsare. A Janairu 1983 suka shigar da ƙara a San Faransisko, aka kuma shigar da ta Hirabayashi a Siyatil da ta Yasui a Fotland.

Gwamnati ta nemi hanyar fita ba tare da an buɗe fayil ba. An yi wa Korematsu tayin afuwa, ya ƙi, don karɓar afuwa amincewa ce da an yi laifi. Sai lauyoyin gwamnati suka ce sun yarda a soke hukuncin, amma a kori ƙarar ba tare da kotu ta ce komai a kan zargin ɓoye shaida ba. Mai shari'a Marilyn Hall Patel ba ta karɓi wannan ciniki ba. Ranar 10 ga Nuwamba 1983, kotu cike da tsofaffin da suka yi zaman sansani, ta soke hukuncin bisa hujjar cewa gwamnati ta ɓoye wa kotu bayanai masu muhimmanci da gangan, ta kuma ba ta masu ɓatarwa. Hirabayashi ya samu tasa nasarar a kotun ɗaukaka ƙara a 1987. An soke hukuncin Yasui ba tare da an shiga zargin ba, ya rasu a 1986 yana neman a shiga.

A gefe guda kwamitin da majalisa ta kafa a 1980 ya fitar da rahotonsa a 1983, ya ce ba larurar soja ce ta jawo korar ba, ƙyamar ƙabila ce da ruɗanin yaƙi da gazawar shugabanni. A 1988 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a kan dokar neman gafara da biyan dala 20,000 ga kowane wanda ke raye, aka biya mutum sama da 80,000.

Labarin yana da daɗin bayarwa a haka: an yaudari kotu, malami ya tono gaskiya, an gyara. Ban gamsu da shi a haka ba, kuma ba ni kaɗai ba. Jerry Kang, malamin shari'a a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, ya yi rubutu a 2004 yana cewa wannan salon ba da labari yana wanke alƙalai daga laifin da suke da kaso a ciki. Ina ganin yana da gaskiya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Murphy bai ga rahoton Ringle ba, amma ya ƙirga watanni ya ga hujjar gaggawa ba ta tsaya ba. Rostow bai shiga ma'ajiyar takardu ba. Ga kuma Hawayi, inda aka kai harin, inda masu jinin Japan suka haura kashi ɗaya cikin uku na jama'a, amma ba a kwashe su ba saboda tattalin arzikin tsibiran ba zai ɗauka ba. Waɗanda aka tsare a can ba su kai 2,000 ba. Duk wannan a fili yake a 1944. Alƙalai shida ɗin ba su tambaya ba ne don ba sa son jin amsar da za ta sa su taka wa shugaban ƙasa birki ana tsakiyar yaƙi. Black bai janye matsayinsa ba har ya rasu a 1971.

Duk da haka ba zan rage wa aikin Irons da Herzig-Yoshinaga daraja ba, don sun nuna wani abu da masu saɓanin ra'ayi a kotun ba su da hanyar nunawa. Duk ƙa'idar da ta ce alƙali ya sassauta wa ɓangaren zartarwa a lokacin ta-ɓaci an gina ta ne a kan zaton cewa gwamnati ta san abin da alƙali bai sani ba. Takardun sun nuna lallai ta sani, sai dai abin da ta sani ɗin rusa hujjarta yake yi. Mutanen da suka fi kowa sanin haka su ne lauyoyinta, kuma Ennis da Burling, bayan duk wasiƙun da suka rubuta, sunayensu na kan takardar da aka miƙa wa kotu. Ana iya yi musu uzuri cewa da sun ajiye aiki ko ɗan bayanin da ya rage ba zai tsira ba. Ana kuma iya cewa wasiƙar da ta tsaya a cikin fayil ba ta fitar da kowa daga Topaz ba.

Akwai kuma iyakar abin da Patel za ta iya yi, ta kuma faɗa da kanta. Alƙaliyar ƙaramar kotun tarayya ce. Ta goge laifin mutum ɗaya, amma ba ta da ikon soke hukuncin Kotun Ƙoli, don haka bindigar da Jackson ya yi magana a kai ta ci gaba da zama a inda aka ajiye ta. Korematsu ya san da haka. Shugaba Bill Clinton ya ba shi lambar yabo mafi girma ta farar hula a 1998, amma bayan harin 11 ga Satumba 2001 ya sa aka miƙa wa Kotun Ƙoli takarda da sunansa a shari'ar waɗanda ake tsare da su a Gwantanamo, yana tunatar da ita abin da ya faru a karon da ta karɓi maganar gwamnati ba bincike. Ya rasu a Maris 2005.

A 2011 Neal Katyal, malamin shari'a a Jami'ar Jojtawun wanda ke riƙe da kujerar da Fahy ya taɓa zama a kai, ya fito fili ya amsa cewa ofishin ya gaza wajen gaya wa kotu gaskiya a waɗannan shari'o'i. Kotun Ƙoli kuwa sai a Yuni 2018 ta yi magana, a shari'ar dokar Shugaba Donald Trump ta hana 'yan wasu ƙasashe, yawancinsu na Musulmi, shiga Amurka. Babban alƙali John Roberts ya rubuta cewa hukuncin Korematsu babban kuskure ne tun ranar da aka yanke shi, kuma ba shi da gurbi a dokar ƙasa. A cikin wannan hukunci dai alƙalai biyar suka amince da dokar hana shigar, suna cewa hujjar tsaron da gwamnati ta kawo ta isa, huɗu suka ƙi. Mai shari'a Sonia Sotomayor ta rubuta a nata saɓanin cewa kotu ta soke sunan Korematsu ta kuma sake amfani da tunanin da aka gina shi a kai. Lauyan da ya tsaya wa jihar Hawayi yana ƙalubalantar dokar, ya kuma sha kaye, shi ne Katyal.